Daga bugun ƙarfe zuwa wa'adi: tarihin kula da lokaci a ƙwayar Linux da abin da ya shafi ƙasar Kurfai

1. Gabatarwa

Masu rubuta tarihin fasaha sun fi mayar da hankali ga abin da na'ura take yi a lokacin da take aiki. A cikin wannan maƙala za mu dubi ɗaya gefen, watau abin da take yi idan ba ta da aikin yi. Duk wata salula mai Android da ke cikin aljihun ɗan kasuwa a Filinge ko makiyayi a Tukunus tana ɗauke da ƙwayar Linux, kuma mafi yawan yininta a zaman jira take cinye shi: jiran kira, jiran saƙo, jiran mai ita ya taɓa ta. Yadda ƙwayar take tafiyar da wannan jira yana cikin abubuwan da ke yanke hukuncin ko batir zai kwana ko ba zai kwana ba.

Manufarmu biyu ce. Ta farko, mu bi sawun wannan matsala tun daga kwamfutocin shekarun 1970 har zuwa gyaran da aka yi a 2024, mu nuna cewa ƙarancin wuta ne ya tilasta wa masana sake tunani. Ta biyu, mu gwada ko Hausa za ta iya ɗaukar wannan bayani ba tare da ta jingina da Faransanci a kowace jimla ba, domin tambayar da ɗalibanmu suka fi yi ke nan duk lokacin da aka tayar da maganar koyar da kimiyya cikin harsunan ƙasa.

2. Kalmomin da muka yi aiki da su

Abin da Faransanci ke kira noyau mun fassara shi da ƙwaya, kamar ƙwayar aduwa ko ta magarya: shi ne sashen tsarin gudanar da kwamfuta da ke tsakiya, wanda ke raba wa sauran manhajoji lokaci da wurin ajiya. Sashen da ke yin lissafin kansa mun bar masa sunan aro, furosesa, kuma ya kamata a tuna cewa salula guda tana iya ƙunsar huɗu ko takwas. Siginar da agogon na'ura ke aikowa a kai a kai mun kira ta bugu. Alƙawarin da wata manhaja ke ajiyewa wurin ƙwaya, cewa a tashe ta bayan lokaci kaza, mun kira shi wa'adi, domin kalmar ta riga ta ƙunshi ma'anar lokacin da aka ɗiba kuma ake jiran cikarsa. Matakan hutun furosesa kuwa Hausa ta tanade su tun da daɗewa: akwai gyangyaɗi, akwai barci, akwai barci mai nauyi.

Wuri ɗaya ne harshen ya ba mu wahala. Kalmar daƙiƙa a Larabci minti take nufi, amma a bakin Hausawa da yawa ta koma nufin kashi ɗaya cikin 60 na minti, wasu kuma suna nan a kan ma'anar asali. Saboda gudun ruɗani mun ajiye ta, mun yi aiki da sakan.

3. Ƙarfen bariki da kiran ladan

Kafin zuwan Turawa, mutanen Kurfai, kamar sauran Hausawa, suna yanka yini da sunayen da ke bin tafiyar rana da lokutan salla: asuba, hantsi, walaha, azahar, la'asar, almuru, lisha. Mako kuma kasuwanni ke riƙe da shi, kamar yadda har yanzu Lahadi take ranar kasuwar Filinge. Abin lura a wannan tsari shi ne ba a yin shela sai in akwai dalili. Ladan yana kira sau biyar, kowane kira da abin da ake so a tashi a yi; tsakanin kira da kira ba mai damun kowa.

Da Faransawa suka kafa bariki a Filinge a farkon ƙarni na 20, wani irin lokaci ya shigo, wanda ake yankawa daidai wa daida ko da aiki ko babu. Harshen ya adana shaidar wannan sauyi. Idan muka ce ƙarfe biyu, muna ambaton ƙarfen da ake bugawa don sanar da awa. Kalmar agogo kuma daga Yarabanci ta zo, inda asalinta ƙararrawa take nufi. Tsarin soja na bariki, da faretinsa da muƙamansa, ya yi tasiri a zukatan mutanen yankin har ya fito a cikin bori: a ƙasar Filinge ne, wajajen 1925, aka fara ganin ƴan Hauka, ko Babule, masu kwaikwayon sojoji da kwamandoji, waɗanda Jean Rouch ya ɗauki fim ɗin mabiyansu a Akara cikin shekarun 1950.

Mun kawo wannan ne don ya zama mana ma'auni. Akwai hanyoyi biyu na sanin lokaci: ko dai a yi ta buga ƙarfe a kai a kai kowa ya ɗaga kai ya duba ko lokacinsa ya yi, ko kuma a bar mutum ya huta sai lokacinsa ya yi a kira shi. Tarihin da za mu bayar tarihi ne na ƙaura daga hanya ta farko zuwa ta biyu.

4. Zamanin bugu na kullum

Tsarin Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara a ɗakunan binciken Bell a Amurka a 1969, ya girma ne a kan kwamfutar PDP-11. Agogon wannan na'ura yana ƙirga kaɗawar wutar lantarkin da ke shigowa daga bango, sau 60 a sakan a Amurka, sau 50 a Turai da ƙasashe irin Nijar. A kowane bugu furosesa yana ajiye abin da yake yi, ya ƙara ɗaya a kan ƙidayar lokaci, ya duba ko akwai wa'adin da ya cika, ya duba ko wata manhaja ta cinye rabonta, sannan ya koma. Ke nan tun daga tushe agogon kwamfuta ɗan wutar bango ne, kuma waɗanda suka tsara shi ba su da dalilin tunanin wutar za ta yi ƙaranci.

Kwamfutar IBM ta 1981 ta zo da ƙaramin guntu mai ƙirga lokaci, Intel 8253, wanda ke kaɗawa kusan sau 1,193,182 a sakan. A zamanin DOS ana raba wannan adadi da 65,536, abin da ke ba da bugu 18.2 a sakan. Lokacin da Linus Torvalds ya fara Linux a Helsinki a 1991, ya saita bugun a kan 100. Ana kiran wannan adadi HZ a cikin rubutun ƙwayar. A Linux 2.6.0, cikin Disamba 2003, an ɗaga shi zuwa 1,000 a kan kwamfutocin Intel don na'ura ta riƙa amsawa da sauri. A 2005, cikin 2.6.13, aka bar wa mai harhaɗa ƙwaya zaɓi, aka tsayar da 250 a matsayin tsaka-tsaki.

Lissafi mai sauƙi zai nuna nauyin abin. Yini da kwana sakan 86,400 ne. Da bugu 100, furosesa yana tashi sau 8,640,000 a rana. Da bugu 1,000, sau 86,400,000, ko da kuwa kwamfutar a ajiye take ba mai taɓa ta. Illar ta wuce yawan tashin kawai. Tun daga ƙa'idar ACPI ta 1996, furosesa yana da matakan hutu daban-daban. A gyangyaɗi yana tsayar da lissafi amma yana shirye. A barci mai nauyi yana kashe wasu sassansa, ya zubar da abin da ke cikin ƴar ma'ajiyarsa ta kusa. Barci mai nauyi ya fi tsimin wuta nesa ba kusa ba, sai dai shigarsa da fitarsa suna cin lokaci da wuta. Wanda ake taɓawa sau dubu a sakan ba zai taɓa yin nisa cikin barci ba, kuma in ya gwada, hasarar ta fi ribar yawa.

5. Inda ake ajiye wa'adodi

Kafin a iya dakatar da bugu sai an san wane wa'adi ne zai fara cika. A 1987 George Varghese da Tony Lauck suka gabatar da dabarar da'ira. Misalinta kamar ɗan kasuwa ne mai bin bashi da ya tanadi ƙorai bakwai, kowace rana da tata: wanda ya yi alƙawarin biya ran Lahadi sai a jefa shaidarsa cikin ƙwaryar Lahadi, in ranar ta zo ƙwarya ɗaya kawai za a duba. Bashin da wa'adinsa ya wuce mako ana ajiye shi a wani jeri na watanni, in ya matso a sauko da shi cikin ƙoran mako. Linux ta ɗauki wannan dabara a 1997, da da'ira ta farko mai gurbi 256 da wasu huɗu masu gurbi 64 kowace.

A 2006, cikin 2.6.16, Thomas Gleixner da Ingo Molnar suka raba wa'adodi gida biyu. Waɗanda ke bukatar cika daidai, kamar na sauti da bidiyo, aka ba su tsari na dabam mai ƙirga ƙasa da bugu ɗaya. Sauran aka bar su cikin da'ira. Dalilin rabon muhimmi ne: yawancin wa'adodin da ke cikin da'ira na ko-ta-kwana ne, irin na "in amsa ba ta zo ba bayan sakan 30 a sanar da ni", kuma galibi amsar tana zuwa, a soke wa'adin tun bai cika ba. A kan wannan hujja ne Gleixner ya sake gina da'irar a 2016, cikin Linux 4.8, ya daina saukowa da wa'adodi daga jeri zuwa jeri, ya yarda wa'adi mai nisa ya yi jinkirin da bai wuce kashi ɗaya cikin takwas na tsawonsa ba.

6. Shekarar 2007: an bar mai barci ya yi barci

Masu manyan kwamfutocin IBM ne suka fara jin jiki, domin injin guda yana iya ɗaukar ɗaruruwan tsarin Linux a lokaci ɗaya, kowane yana ta bugunsa ba gaira ba dalili. Su da masu ƙananan na'urori na ARM sun yi nasu gyare-gyare tun kafin a sami na kowa da kowa. Gyaran gama-gari ya shigo a Afrilu 2007, cikin Linux 2.6.21, ta hannun Gleixner da Molnar, da sunan NO_HZ. Ga yadda yake: idan furosesa ya ga ba shi da aiki, sai ya duba wa'adi mafi kusa, ya saita agogo ya tashe shi a daidai wannan lokaci, ya kashe bugu, ya kwanta. In ya farka sai ya karanta agogo, ya cike ƙidayar da ta wuce shi yana barci.

Nan da nan wata matsala ta fito fili. An daina buga ƙarfe, amma manhajoji da yawa suna ajiye wa'adodi barkatai, wata tana dubawa sau goma a sakan ko an saka faifai, wata tana kyafta alamar rubutu a allon da ba mai kallo. A 2007 Arjan van de Ven na kamfanin Intel ya fitar da PowerTOP, manhajar da ke jera sunayen masu tayar da furosesa da yawan tashin da kowace ke jawowa, abin da ya sa marubutansu suka shiga gyara. A wannan shekara aka ƙirƙiro wa'adi mai haƙuri, wanda ba ya tayar da mai barci, sai ya farka don wani dalili a cika shi. A ƙarshen 2008 aka ba wa'adodin manhajoji ɗan sassauci na kashi 50 cikin miliyan na sakan, don a tara masu kusa da juna a cika su a tashi ɗaya. Wasu tsare-tsaren ma sun bi wannan hanya: Windows 7 ta fara tara wa'adodi a 2009, Windows 8 ta dakatar da bugu a lokacin hutu a 2012. A 2013, cikin Linux 3.10, aikin Frédéric Weisbecker ya ba da damar rage bugu har ga furosesan da ke aiki, muddin aiki guda ne a gabansa.

Dakatar da bugu ma ba kullum yake riba ba. Furosesa ba ya sanin tsawon hutun da zai samu, hasashe yake yi. In ya zaci hutun gajere ne ya zaɓi gyangyaɗi, alhali an riga an kashe bugu, zai iya daɗewa a wannan mataki mai cin wuta ba mai tashinsa ya sake shawara. A 2018, cikin 4.17, Rafael Wysocki ya juya tsarin: a fara yin hasashe, in ya nuna gajeren hutu a bar bugu yana tafiya, don in an yi kuskure bugu na gaba ya ba da damar gyarawa.

7. Wa zai riƙe wa'adin mai barci?

Tambaya mafi wuya ta taso ne da furosesa suka yawaita cikin na'ura guda. In ɗaya yana aiki bakwai suna barci, ba hikima ba ce a tashi mai barci don wa'adin da mai aiki zai iya cikawa. Maganin farko, wanda ya shiga a 2009, turawa ne: a lokacin ajiye wa'adi, in furosesan da ke ajiyewa yana shirin hutu, sai a tura wa'adin ga wanda ake gani yana aiki. Raunin wannan dabara a bayyane yake. Wanda ke aiki yanzu ba lalle ne yana aiki ba a lokacin da wa'adin zai cika, sai a wayi gari an tashi wani mai barcin dabam. Bugu da ƙari, tun da yawancin wa'adodi sokewa ake yi, wahalar zaɓe da turawa takan tafi a banza.

Bayan shekaru ana aiki a kansa, Anna-Maria Behnsen da Gleixner suka kawo tsarin jawowa, wanda ya shiga Linux 6.9 a Mayu 2024. Wa'adi yana zama inda aka ajiye shi. Ana kasa furosesa ƙungiya-ƙungiya, kowace ba ta wuce takwas ba, ƙungiyoyin kuma ana haɗa su a ƙarƙashin wata ta sama. Wanda zai kwanta yana sanar da ƙungiyarsa wa'adinsa mafi kusa. Ɗaya daga cikin waɗanda ke farke shi ke da alhakin dubawa, in wa'adin mai barci ya cika ya cika masa. In shi ma zai kwanta sai ya miƙa alhakin ga wani; in duk ƙungiyar ta kwanta alhakin ya hau sama; wanda ya kwanta a ƙarshe duka shi ke saita agogo a kan wa'adi mafi kusa na kowa. Wa'adodin da dole sai mai su ya cika su da kansa an ware su, ba sa shiga wannan rabo. Duk wanda ya san yadda ayari ke kwana a daji, ana karɓa-karɓar gadi, ba a kwanciya sai an damƙa wa wani, ya riga ya fahimci tsarin.

8. Kurfai da tattalin batir

Me ya sa wannan tarihi ya shafe mu? Kamfanin NIGELEC an kafa shi a 1968, kuma tun 1976 yammacin Nijar ya dogara ƙwarai ga wutar da ke zuwa daga Najeriya ta layin Birnin Kebbi zuwa Yamai. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 Najeriya ta yanke wannan wuta, ba ta dawo ba sai a 2024. Ko a lokacin lafiya, kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki a ƙasar, a karkara kuwa abin ya yi ƙasa da haka sosai. Salula ta shigo Nijar a 2001, ta riga wayar lantarki isa ƙauyuka, shi ya sa sana'ar caji da farantin hasken rana ko injin wuta ta samu gindin zama a kasuwanni. Binciken Jenny Aker a kan kasuwannin hatsi na Nijar tsakanin 2001 da 2006 ya nuna cewa zuwan salula ya rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. A jihar Tilaberi, inda aka kafa dokar ta-ɓaci a wasu sassa tun 2017, salula mai rai ita ce hanyar jin labarin hanya da na ƴan uwa. A irin wannan wuri tashin banza na furosesa kuɗi ne da tafiya zuwa wurin mai caji.

Sai dai a kiyaye da wuce gona da iri ta fuskoki uku. Na ɗaya, yawancin ƙananan saluloli masu maɓallai ba Linux ke tafiyar da su ba. Na biyu, allo da neman sigina su ne manyan masu cin batir, musamman inda eriya ke da nisa. Kula da wa'adodi yana tasiri ne a sa'o'in da salula ke ajiye, kuma Android ta ƙara nata matakai a kai, kamar tara wa'adodin manhajoji tun 2013 da tsarin Doze na 2015. Na uku, masu ƙera salula suna aiki da tsofaffin ƙwayoyi, saloli masu araha kuma ba safai ake sabunta su ba, saboda haka gyaran 2024 sai bayan shekaru zai iso kasuwar Filinge, cikin sabuwar salula da wani zai saya.

9. Kammalawa

Mun ga cewa bugu na kullum gado ne na zamanin da kwamfuta ke manne da bango, kuma an ɗauki kusan shekara 40 kafin a kwance shi, sannan wasu 17 kafin a daidaita wanda zai riƙe wa'adin mai barci. Mun kuma ga cewa da bugu, wa'adi, gyangyaɗi, barci da gadi, Hausa ta ɗauki bayanin tun daga farko har ƙarshe, aro bai zama dole ba sai a sunayen na'urori. Abin da ya rage shi ne aikin fili. Muna ba ɗalibai masu neman batun bincike shawara su tattara kalmomin da masu caji da masu gyaran salula ke amfani da su a Filinge, Tukunus da Abala, da Hausa da Zabarmanci da Tamashek, a kwatanta su da waɗanda muka gabatar a nan. Inda kalmar kasuwa ta saɓa wa tamu, ta kasuwa ya kamata a shigar cikin ƙamus.